Ƙararrawar gobara da ta ɓarayi a sito: abin da ɗan kasuwar Dawanau zai saya da yadda zai kafa shi

Duk wanda ya bi hanyar Katsina bayan kaka ya san yadda Dawanau take cika ta batse. Tireloli sun yi layi, 'yan dako suna ta kai-komo, sito-sito kuwa maƙil da wake da masara da gero da riɗi da zoɓo har kusa da rufi. Kasuwar da aka kafa a 1985 a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, yau daga cikinta ake loda hatsi zuwa kudancin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Amma da an yi magariba an ja ƙofa, duk wannan dukiya sai ta koma hannun kwaɗo biyu da dattijo ɗaya mai tocila da sanda. Kanawa ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ba, wadda ta tashi cikin dare ta cinye dubban shaguna kafin gari ya waye. Wuta a 'yan mintocinta na farko, bokitin yashi ma kan kashe ta. In ta yi rabin awa ba wanda ya sani, to sai dai a yi ƙoƙarin tsare na maƙwabta.

Akwai kayan da aka yi domin waɗannan mintoci, kuma ba sai an ja wayar wuta daga wannan kusurwa zuwa waccan ba, domin ta iska suke aika wa juna saƙo. Ƙananan na'urori ne da ake maƙalawa a rufi da ƙofa, kowace da abin da take ji: hayaƙi, zafi, motsi ko buɗe ƙofa. Duk suna kai rahoto ga akwati guda, wato uwar na'ura. Ita ce ke kunna jiniya, ita ce kuma ke kiran wayarka ta layin da aka sa mata. Kayan suna nan a Sabon Gari da sauran wuraren sayar da kayan lantarki a cikin gari. Sai dai akasarinsu an ƙera su ne domin gidajen Turai da Sin, inda babu hazon hunturu, babu rufin kwano mai ƙuna, wuta kuma ba ta ɗaukewa. Wanda ya saya ya kafa yadda takardar kwali ta ce, bai duba yanayin sitonsa ba, ya zubar da kuɗinsa.

Yawancin masu sito da kyamara suke farawa, domin ita ce ake gani a waya a nuna wa abokai. Ni dai a ganina ita ce ta ƙarshe a layi. Abin da za ka fara kashe wa kuɗi shi ne wutar da za ta riƙe kayan.

Kada ka jingina ƙararrawa da wutar NEPA ko injin maƙwabci. Ka ba ta batirinta da farantin sola nata ita kaɗai, wanda ba za a riƙa cajin waya ko kunna fanka da shi ba. Lissafin ba wuya. A ce uwar na'ura da layin da ke cikinta suna cin wat 3. A awa 24 sun ci wat-awa 72 ke nan. Ƙaramin batirin da ake yawan haɗowa da ita, wanda aka rubuta wa 12V 7Ah a jiki, abin da yake ɗauka 12 sau 7 ne, wato 84, kuma batirin dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri. Ashe 42 ne naka, ko awa goma sha biyar ba za su kai ba. Idan kana son kayan su yi kwana uku cikin hadarin Agusta ko hazo mai kauri ba tare da rana ba, batir mai 40Ah kake bukata, da faranti mai wat 30 zuwa 50, da ɗan akwatin daidaita caji a tsakaninsu. Ranar da ka ƙara kyamara mai amfani da data, sai ka sake lissafi daga farko, domin ita kaɗai takan ci ninki biyu na abin da uwar na'ura take ci.

Zafi shi ne babban maƙiyin batir. An auna rayuwar batirin dalma ne a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage masa rabin kwana. A Kano kuwa zafin Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano. Don haka ka ajiye batir a ƙasa-ƙasa, jikin bangon da rana ba ta dukansa da yamma, cikin akwatin ƙarfe mai hujojin shan iska, nesa da buhuna. In da hali ka sayi wanda aka rubuta wa LiFePO4. Ya fi tsada, amma ya fi daɗewa, kuma ana iya shan kusan dukan abin da ke cikinsa. Ko wanne ka saya, a sa masa fis a kusa da kansa, a ɗaure wayoyin da kyau da kusa, ba a murɗa su a naɗe da leda ba. Batirin da aka haɗa da ganganci shi kansa tushen gobara ne, kuma abin takaici ne a ce kayan da aka kawo don tsaron sito su ne suka cinna masa wuta. Farantin kuma a goge shi da tsumma mai laima duk mako a lokacin hunturu. A damina a tabbata an kafa masa ƙarfe a ƙasa da zai janye tsawa.

Sai na'urar jin hayaƙi, kuma a nan ne aka fi yin asara. Wadda aka fi samu a kasuwa tana da ɗan ɗaki mai duhu a cikinta. A gefe ɗaya akwai ƙaramar fitila, a ɗaya gefen akwai idon da ke ganin haske, an karkatar da su yadda ba sa kallon juna. Idan hayaƙi ya shiga ɗakin, sai ya watsa hasken ya faɗa kan idon, na'ura ta yi kuka. Matsalar ita ce idon bai san bambancin hayaƙi da ƙura ba. Sito kuwa gidan ƙura ne: ƙaiƙayin gero, garin da ke tashi in an jefa buhun masara, ƙurar tirela, ga hazo daga Nuwamba har Fabrairu. Ƙananan ƙwari ma sukan shige ɗakin su yi gida. Sai na'ura ta yi ta ihu cikin dare ba gaira ba dalili. Dare na farko mai gadi zai taso da gudu, na biyu zai taso yana tsaki, bayan mako guda in ka tambaya sai ka ji ya ce, "Alhaji, wallahi abin nan ya hana unguwa barci, shi ya sa na zare masa batir." Kuma ba za ka ga laifinsa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: ƙararrawar da ta saba ƙarya ta fi rashinta illa, domin kai kana gida ka saki jiki, ita kuwa tana rataye ba rai.

Saboda haka, a babban ɗakin da ake loda kaya da saukewa, na'urar jin zafi ta fi dacewa. Ba ruwanta da ƙura. Tana yin kuka ne idan zafin wurin ya kai wani mataki, ko kuma idan ya yi tashin gaggawa, kamar digiri 8 cikin minti ɗaya, abin da rana ba ta yi. Amma ka duba matakin kafin ka biya kuɗi. Ta gama-gari tana tashi a wajen digiri 57, an yi ta ne domin wurin da zafinsa ba ya wuce 50. Tafin hannu ɗaya ƙasa da kwano da azahar a bazara, zafi na iya kai wannan. Ka nemi wadda aka rubuta wa aji B, mai tashi tsakanin digiri 69 da 85, wadda ta haɗa da jin tashin gaggawa. Kada a manna ta a jikin kwano. A rataye ta a jikin katako ko ƙarfen rufi, ta ɗan sauko. Guda ɗaya tana kula da abin da bai wuce mita 5 ba ta kowane gefe, don haka dogon sito yana bukatar da yawa a jere, kuma kada a tara buhuna har su taɓa ta.

Gaskiyar da mai sayarwa ba lallai ya faɗa maka ba ita ce, mai jin zafi ta fi mai jin hayaƙi jinkiri, musamman ga wutar da ke cin buhun algarara a hankali tana hayaƙi ba harshe. Shi ya sa ba a yar da mai jin hayaƙi gaba ɗaya. A sa ta inda ƙura ba ta da yawa kuma inda wuta ta fi tashi: ofishin sito, ɗakin batir da inbata, kusa da allon wuta, ɗakin da ake tara buhunan da ba komai a ciki. Ita takan kai mita 7 ta kowane gefe. A riƙa hure ta da abin hura iska duk wata, a canza ta in ta shekara goma.

Akwai wani abu da ya shafi sito-siton hatsi kaɗai, kuma ban taɓa ganin an rubuta shi a jikin kwalin ƙararrawa ba. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa wake da masara, iskar da take fitarwa tana cin tagulla, kuma duk hanyoyin wuta da ke cikin waɗannan na'urori na tagulla ne. Idan aka turara sito da kayan a ciki sau da yawa, sai su yi tsatsa daga ciki su mutu ba tare da an ga alama a waje ba. Kafin a sa magani, a cire na'urorin da ke ɗakin, ko kuma a lulluɓe buhunan da tamfol mai kyau a turara su a ƙarƙashinsa, a mayar da kayan bayan an buɗe sito ya sha iska. Wannan iska guba ce mai kisa, kada a bar yaro ko mai gadi ya kwana a ɗakin da ke haɗe da sito da aka turara. Ragowar ƙwayar kuma in aka tara ta wuri ɗaya ruwa ya taɓa ta, tana iya kamawa da wuta da kanta. Mai ajiye wake a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska, ya huta da wannan duka.

Ta ɓangaren ɓarayi, mafi amana kuma mafi araha ita ce 'yar na'urar ƙofa. Gida biyu ce: ɗaya maganaɗisu ne da ake ɗaurawa a jikin ƙyaure, ɗaya kuma a jikin dogarin ƙofa, a cikinta akwai 'yan siraran ƙarafa biyu a cikin ƙwalbar gilashi. Muddin maganaɗisun yana kusa, ƙarafan suna manne da juna. Da an ja ƙyaure sun rabu, saƙo ya tafi. Ƙaramar ta farin roba an yi ta ne domin ƙofar katako, tana son tazarar da ba ta wuce santimita ɗaya da rabi ba. Ƙofofin Dawanau na ƙarfe ne, ƙarfe yana shanye ƙarfin maganaɗisu, ga shi iska na kaɗa su suna girgiza. Ka sayi babbar mai jikin ƙarfe da aka yi domin ƙofar gareji. In ƙaramar ce kawai ta samu, a sa ɗan guntun katako ko roba mai kaurin yatsa tsakaninta da ƙarfen, a ɗaure da kusa, kada a dogara da gam ɗin da ke bayanta domin zafi zai narkar da shi. Bayan an kafa, ka rufe ƙofa ka sa kwaɗo, ka kama ƙyauren ka jijjiga shi da ƙarfi kamar iskar farkon damina. In ta yi kuka, a sake gyara zamanta tun ma'aikaci bai tafi ba.

Ɓarawon sito ba kullum ta ƙofa yake shiga ba. Yakan yaye kwano ko ya fasa bangon baya. Domin shi ake sa mai jin motsi, wadda ɗumin jikin mutum take gani idan ya gifta. Ana kafa ta a tsayin mita biyu da ɗan kai, tana gani har wajen mita 12, ta fi kuma kama wanda ya ratsa ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye, don haka a sa ta tana kallon lungun da ke tsakanin jerin buhuna ta gefe. Tana da rauni biyu a wurinmu. Gafiya da mage in suka hau kan buhu kusa da ita sukan tayar da ita, ko da kuwa an ce irin wadda ba ta kula dabbobi ce, domin dabbar da ke ƙasa ake nufi. Sannan in ɗaki ya yi zafi har ya kusa zafin jikin mutum, ganinta yana raguwa. Wadda ta haɗa jin ɗumi da rada, ba ta kuka sai duka biyun sun yarda, ita ta fi dacewa da sito.

Duk waɗannan da ƙaramin batir suke aiki, kuma yawancinsu a zangon da aka rubuta wa 433MHz suke magana da uwa. A kwali za ka ga an ce mita 100, amma wannan a fili ne fetal. Bangon bulo yana rage shi, kwano da ƙofar ƙarfe sun fi, tarin hatsi ma yana tare saƙo. Na'urar da ke magana lafiya lokacin da sito yake wayam a watan Yuli, tana iya yin shiru a Disamba da aka cika shi. Ka gwada bayan an loda kaya, in saƙo bai kai ba a sa na'urar ƙara zango a tsakani. Tambaya ɗaya kuma kada ka bar shago ba ka yi ta ba: shin in batirin na'ura ya ƙare, ko an cire ta, uwa za ta sanar da ni? Masu araha ba sa yi. Ba sa magana sai wani abu ya faru, don haka shirun lafiya da shirun mutuwa duk ɗaya ne a wurin uwa. Masu kyau kuwa suna aika ɗan saƙo lokaci-lokaci cewa suna nan, in ya yanke a kira ka. Wannan bambanci ya cancanci kuɗinsa. Ga wanda rumbunsa ke can cikin gonaki, nesa da gida, akwai kayan da ke amfani da LoRa, masu kai saƙo kilomitoci da ɗan batir kaɗan in an ɗaga eriya sama.

Uwar na'ura kada ta zauna a bakin ƙofa inda mai shigowa zai fara ganinta ya fasa. A ɓoye ta a ciki, a sama, eriyarta kuwa a fitar da ita waje in akwatin na ƙarfe ne. Layin da za a sa mata, ka yi masa rajista da sunanka da lambarka ta NIN, ba da sunan yaron da ya kafa maka kaya ba, domin ranar da layi ya sami matsala kai kamfani zai nema. A cire masa lambar sirri, a tura STOP zuwa 2442 domin a toshe saƙonnin talla, a riƙa sa masa kati ana kira da shi, domin layin da ya yi watanni a kwance kamfani kan rufe shi. Tsakanin MTN da Airtel da Glo, kada ka bi son rai. Shiga cikin sito ka rufe ƙofa ka duba wanda sabis ɗinsa ya fi tsayawa a nan. Uwa mai ɗaukar layi biyu ta fi. A saita ta kuma ta yi kira, ba tes kaɗai ba, domin tes ba ya tayar da mai barci. Wanda za ta fara kira shi ne wanda ya fi kusa da sito, mai gadi da maƙwabcin da ke kwana a kasuwa, sannan kai da kake cikin gari. Kiran 112 da 'yan kwana-kwana aikin mutum ne da ya gani da idonsa, kada a ɗora wa na'ura.

Duk da haka, waya ba abin dogaro ba ce ita kaɗai. A watan Satumba 2021 an rufe sabis gaba ɗaya a Zamfara, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, makonni mutane ba kira ba saƙo. Ko ba wannan ba, sabis kan ɗauke ranar ruwa da iska. Jiniya ba ta bukatar sabis. Ka sayi ta waje mai ƙarar desibel 110 zuwa 120, mai fitila mai walƙiya a kai da batirinta a ciki, yadda ko an yanke mata waya za ta ci gaba da kuka. A ɗaga ta inda hannu ba ya kai wa. Fitilar tana da amfani ƙwarai a layin da sito-sito suka jeru iri ɗaya, domin kunne ba ya gane daga wace ƙofa ƙara take fitowa. Kukan gobara ya bambanta da na ɓarawo, kowa a layin ya san su. A ɗakin mai gadi kuma a sa masa maɓallin neman agaji, domin abin da idonsa ya gani na'ura ba ta ji ba.

Da yake uwa tana nan, ƙara mata mai auna zafi da laima ba wani kuɗi ba ne, kuma yana tsare wata asarar da ba ta da ƙara. Masarar da aka ajiye da danshin da ya wuce kashi 13 cikin ɗari, a ɗakin da laimar iskarsa ta haura kashi 70, fumfuna ce za ta biyo baya. Idan aka cusa ma'auni a tsakiyar tarin buhuna aka ga zafin can ciki yana hawa kullum alhali na ɗaki bai canza ba, ƙwari ne ko ruɓa suka fara aiki, lokacin warware tari ya yi. Kyamara kuwa, in kuɗi ya ragu, guda ɗaya mai kallon ƙofa ta isa ta nuna maka ko kukan na gaske ne kafin ka tayar da mota.

Maƙwabta huɗu ko biyar a layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi uwa ɗaya mai kyau da jiniya ɗaya da sola ɗaya, kowa ya sayi na'urorin ɗakinsa, a ba kowane sito lambarsa yadda saƙo zai faɗi na wane ne. Ya fi kowa ya sayi mai araha shi kaɗai, tunda wutar da ta kama na ɗaya ba za ta tsaya a bangonsa ba. A ware rana guda a mako, da safe kafin kasuwa ta cika, a sanar da maƙwabta, a danna maɓallin gwaji, a buɗe ƙofa, a tabbata jiniya ta yi kuka kuma kowace waya ta yi ƙara. A kira mai gadi ya tsaya a wurin, a ce, "Baba, kai ne za ka danna," domin shi zai kasance a wurin da ƙarfe biyun dare, ya kamata hannunsa ya saba da kunnawa da kashewa.

Sauran maganar makulli. Jiniya ta yi kuka, mai gadi ya iso cikin minti ɗaya, yana ganin hayaƙi ta ƙarƙashin ƙofa, makulli kuwa yana aljihun Alhaji a Gwammaja ko Kurna. Wannan sai an zauna an yanke shawara tun kafin a kafa kaya: ko a ajiye makulli na biyu a hannun amintaccen da ke kwana kusa, ko a raba kwaɗo biyu ga mutum biyu yadda sai sun haɗu za a buɗe. Tukunyar kashe wuta mai hoda ta kilo 9 da bokitan yashi su zauna a waje kusa da ƙofa, ba a can cikin sito bayan buhuna ba, kuma a duba allurar tukunyar duk ranar gwaji, ta kasance tana kan kore.